Mu 17 ne, dillalai sun ce jirgin na mutum 12 ne: wa ke son cutarmu?

Tambaya

Assalamu alaikum Kyaftin. Daga Nima nake rubuto maka, kuma wallahi maganar nan ta hana ni barci. Maigidana zai cika shekara 70 a watan Agusta, shi ne ni da yara muka haɗa kuɗi za mu ɗauki shatar jirgin ruwan alfarma na mako guda a Italiya, wajen Amalfi da Capri, mu kai shi ya huta. Mu 17 ne: mu biyu, 'ya'ya da surukai takwas, jikoki shida (ɗaya jaririya ce 'yar wata takwas), sai yarinyar da ke taya ni aiki.

Kamfanin dillalan da babban ɗana ya samo sun ba mu jirgi mai tsawon mita 32 a kan Yuro 60,000, amma wai ban da haraji, ban da wani kuɗi da suke kira APA. Kuma sun ce mutum 12 kaɗai zai ɗauka, ba za su ƙara ko ɗaya ba. Sai wani yaron Zangonmu da ke zaune a Napoli ya ce duk wayon Turawa ne. Ya turo bidiyon wani jirgi da ya fi wancan girma, Yuro 38,000, komai da komai a ciki. Ya ce biyar daga cikinmu za a rubuta su a matsayin ma'aikatan jirgi, in kuma jami'ai sun tsare mu, mu ce mu abokan mai jirgin ne. Yana so in tura rabin kuɗin cikin asusunsa kafin Juma'a. Na san iyayensa, mutanen kirki ne. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya, don jikokina ne za su hau. Dillalan ne ke son cutarmu, ko yaron?

Hajiya, Nima, Accra

Amsa

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da tsawon rai. Kada ki tura ko sisi, ranar Juma'a ko bayanta. Zuciyarki ta riga ta ba ki amsa, ni dalilai kawai zan ƙara miki.

Bari in kawar da batun kuɗi tukuna, don shi ne mai sauƙi. Dillalan nan ba su ɓoye miki komai ba, haka ake ciniki a Bahar Rum. Yuro 60,000 kuɗin jirgi ne da albashin ma'aikata da inshorar jirgin. APA kuɗin cefane ne da ake miƙa wa kyaftin tun kafin ku iso, galibi kashi 30 cikin ɗari na kuɗin shata, wani lokaci har 35 in jirgin mai shan mai ne. Da shi zai sayi dizal da abinci da abin sha, ya biya kuɗin tsayawa a tasha. Jirgi mai inji irin wannan yana shan ɗaruruwan lita a sa'a guda in yana gudu, kuma kwana ɗaya a tashar Capri cikin Agusta kan iya haura Yuro dubu. A ƙarshen mako kyaftin zai kawo lissafi da rasit, abin da ya rage a mayar muku, in ya gaza ku cika. Harajin VAT a Italiya kashi 22 ne. To ki lissafa: 60,000, a ɗora 18,000 na cefane, a ɗora 13,200 na haraji, kin ga 91,200 ke nan. Tukwicin ma'aikata ba dole ba ne, amma al'ada ce mai ƙarfi, kuma ƙungiyar dillalan ta MYBA tana ba da shawarar kashi 5 zuwa 15. In kun ba da kashi 10, kun kai Yuro 97,200, ba a yi maganar jirgin sama ba tukuna.

Yanzu ki dubi 38,000 ɗin yaron nan da wannan lissafi a hannu. Jirgin ya fi girma, watan kuma Agusta ne, lokacin da Italiya duka ke hutu kuma farashi ke kan ƙololuwa, amma kuɗin bai kai rabi ba. Ɗayan biyu ne. Ko dai babu jirgin sam, bidiyo ne aka kwaso a Instagram, ko kuma jirgin yana nan amma ba shi da lasisin haya, an cire haraji da inshora da ƙwararrun ma'aikata daga farashin. Na farko zai ci miki Yuro 19,000 ki yi kuka ki share hawaye. Na biyun ne nake jin tsoro, domin a shi za ku hau.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya sa na ajiye sauran wasiƙu na ɗauki taki. A bakin aikina na duba lafiyar jirage a Tema, da kuma shekarun da na yi a kan ruwa, babu maganar da nake ji har ta gundure ni irin wannan: "Ai jirgin babba ne, wuri na nan, mutum huɗu ko biyar me za su ƙara?" Alhazai masu ilimi suna faɗa. 'Yan boko masu digiri biyu suna faɗa. Mutum ya dubi falo da kujerun fata, ya ƙirga katifu da ido, ya yanke hukunci cewa lambar da ke kan takarda ƙa'idar banza ce da aka ƙirƙiro don a tatse shi.

Hajiya, lambar nan ba ta da alaƙa da wurin zama. Akwai jirage masu tsawon mita 80 da 90, masu wurin saukar jirgi mai saukar ungulu, masu ma'aikata fiye da 25, kuma baƙi 12 kaɗai suke ɗauka a shata. Kina ganin attajiran da ke biyan miliyoyin Yuro a mako ba su iya faɗa ba ne? Sun iya. Dokar ce ba ta jin faɗa. Yarjejeniyar SOLAS ta ƙasa da ƙasa kan kare rayuka a teku, wadda aka amince da ita a 1974, ta fara aiki a 1980, kuma asalinta ya koma 1914 bayan nutsewar Titanic, ta ce duk jirgin da ya ɗauki fasinja fiye da 12 ya zama jirgin fasinja. Daga mutum na 13 sai a shiga wata duniya dabam: yadda aka rarraba cikin jirgin gida-gida don in ruwa ya shiga ɗaya kada ya cinye sauran, irin kayan da aka yi bango da su don wuta, faɗin matakala da yawan ƙofofin tsira, adadin ma'aikata da takardunsu. Gina jirgi a kan wannan ma'auni yana da tsada ƙwarai, shi ya sa yawancin masu jiragen alfarma suke tsayawa a 12. Wato jirgin da aka ba shi takardar 12, a kan mutum 12 da ma'aikatansa aka gwada shi. An auna yadda yake karkata in kowa ya taru gefe guda. An ƙirga rigunan ceto. An ƙirga gurbin kwale-kwalen ceto na roba, kuma ƙa'idar manyan jiragen haya ita ce ko ɗaya daga cikinsu ya lalace, sauran su isa kowa. An tsara wane ma'aikaci ne zai buga wace ƙofa da tsakar dare. Babu sunan mutum na 13 a cikin wannan lissafi ko ɗaya.

Matsalarmu ita ce da hankalin trotro, motar hayarmu ta cikin gari, muke zuwa bakin teku. Yaron mota ya ce a matsa a gyara, a cusa mutum ɗaya a kujerar uku, in motar ta lalace a Circle kowa ya sauka ya tsaya gefen titi ya tari wata. A ruwa babu gefen titi.

Sai dabarar "a rubuta su ma'aikata", wadda nake jin ta a bakin 'yan kamasho kamar wata hikima ce suka gano. Ma'aikacin jirgi ba suna ba ne da ake rubutawa a takarda. Yana da shaidar horon STCW, inda aka koya masa kashe gobara da tsira a ruwa da taimakon gaggawa, horon da yaranmu ke zuwa yi a jami'ar harkokin teku ta Nungua. Yana da takardar likita, yana da kwantiragin aiki, yana da wurin da zai tsaya in an busa ƙararrawa. Wa za ki rubuta? Surukarki mai goyo? Jikanki ɗan shekara tara? Jami'in Guardia Costiera, masu tsaron gaɓar tekun Italiya, da ya hau jirgi a gaɓar Amalfi ba yau ya fara ganin wannan ba, tambaya biyu zai yi ya gane. Amma ki bar batun jami'i. A ce babu wanda ya tsare ku. Takardar ta ce akwai ma'aikata goma, alhali na gaskiya biyar ne, sauran biyar ɗin kuwa su ma ceto suke jira. Ma'aikacin da aka tsara zai kula da mutum biyu yanzu yana da uku ko huɗu, cikin duhu, jirgi na karkata, yara na ihu da Hausa shi kuma ba ya ji. In kuma aka bi hanya mafi muni, aka ƙi rubuta biyar ɗin ko'ina, to masu ceto da lissafin da aka ba hukumar tasha suke aiki. Suna ciro adadin da ke takarda za su ɗauka sun gama.

"Ku ce ku abokan mai jirgi ne" ita ce ta fi ba ni haushi, domin ita ce ta tona asirin komai. Mai jirgin da ke da lasisin haya ba ya buƙatar ki yi masa ƙarya. Wanda ya roƙi haka, jirginsa na kansa ne, rajistarsa ta shaƙatawar iyali ce, ba a duba shi da ma'aunin haya, inshorarsa kuma ta rubuta ƙarara cewa ba ta ɗauke da fasinja mai biya. Ranar da wani ya zame a matakala ya karya ƙugu, kamfanin inshora zai tambayi abu ɗaya, an biya kuɗi ko ba a biya ba. Shaidar tura kuɗinki daga Accra ita ce za ta rufe maganar. Kuma ki lura da inda aka ajiye ki: ke da Alhaji mai shekara 70 za ku tsaya gaban jami'in wata ƙasa, da biza a fasfo, ku yi ƙarya don ku kare mutumin da ba ku taɓa gani ba. In an gano, a tsare jirgin a tasha, hutu ya ƙare a rana ta biyu, babu kwantiragin da za ki kai kotu, don ke ma da bakinki kin ce ba haya kuka yi ba.

Ba tatsuniya nake miki ba. Ranar 28 ga Mayu 2023, a tafkin Maggiore da ke arewacin Italiya, wani jirgin shaƙatawa da aka ɗauka don liyafa ya kife da guguwa ta taso farat ɗaya. Izinin mutum 15 yake da shi, ya ɗauki fiye da 20. Huɗu suka mutu. Tafki ne fa, ba teku ba, kuma ana hango gaɓa. A Bahrain, ranar 30 ga Maris 2006, wani kamfani ya ɗauki jirgin katako mai suna Al-Dana don walimar ma'aikata, ya kife, mutum 58 suka rasu, daga baya ta bayyana cewa izininsa na gidan abinci ne a kan ruwa, ba na yawo da jama'a ba. Waɗanda suka hau duk sun ga jirgi mai kyau da fitilu, babu wanda ya nemi ganin takarda.

Akwai kuma Bayesian, wanda nake kawo shi don wani dalili dabam. Jirgi ne mai tsawon mita 56, na mutane masu kuɗin da ni da ke ba mu taɓa ƙirgawa ba. Baƙi 12 ne a ciki da ma'aikata 10, ba a yi lodi ba. Da asubahin 19 ga Agusta 2024 yana tsaye a kan anga kusa da Porticello a tsibirin Sicily, iska mai ƙarfi ta buge shi, cikin 'yan mintoci ya nutse. Bakwai suka mutu, har da attajirin Ingila Mike Lynch da 'yarsa. Mutum 15 suka tsira a kwale-kwalen ceto, cikinsu akwai yarinya 'yar shekara ɗaya. Watan da za ku je ke nan, tekun da za ku shiga ke nan. In ruwa ya yi wa jirgin da ya cika adadinsa daidai haka, ki ƙara mutum biyar da babu gurbinsu, ki rage ƙwararrun ma'aikata, ki gaya mini me kike tsammani.

Mu a Ghana ma bai kamata a yi mana wannan wa'azi ba. Wane ɗan Zango ne ba shi da wanda ke fataucin doya ko kifi ko shanu ta Yeji da Dambai da Kete Krachi? Shekara nawa muna jin kwale-kwale ya kife a tafkin Volta, kullum labarin ɗaya ne, lodi ya wuce kima, an ci karo da kututturen itacen da ruwan madatsar Akosombo ya shanye tun shekarun 1960, babu rigar ceto. Hukumar kula da harkokin ruwa ta Ghana tana zana layin lodi a jikin kwale-kwale, mutane suna kallon layin ya nutse suna ci gaba da ɗora buhu. Talaka aƙalla yana da uzuri, babu wata hanyar, kasuwa kuma ba ta jira. Wanda zai kashe dubban Yuro don nishaɗi, mene ne uzurinsa?

Na san abin da wani zai rubuto a ƙasa, don kullum sai an rubuto: in ajali ya zo ko a kan gado ne sai an tafi. Gaskiya ne, babu mai musu. Amma ban taɓa ganin mai wannan magana ya bar shagonsa a buɗe a Kantamanto ya tafi gida ya kwana yana cewa arziki na Allah ne ba. Kwaɗo biyu yake sawa, ya ɗauki mai gadi. Sai in an zo kan ran yara ne tawakkali ke tashi. Babban mutum in ya ga dama ya yi kasada da kansa, shi ya sani. Jikokin nan shida ba su zaɓi komai ba, amana ce a hannunki, kuma ba a koya mana cewa dogaro ga Allah yana nufin a yi ƙarya ga hukuma a kuma bar sababi ba. Masu yaɗa irin wannan dabara a WhatsApp da TikTok, suna tsaye a bakin tasha da tabarau suna nuna jiragen da ko igiyarsu ba su taɓa riƙewa ba, su ji tsoron Allah. La'adar Yuro dubu biyu ba ta kai a kwashi iyali guda a ɗora a kan abin da ba a sani ba.

Ban ce yaron nan ɓarawo ne ba. Mai yiwuwa shi ma wani ne ya gaya masa, ya yarda, yana ganin taimakon gida yake yi. Amma sanin iyayensa ba ya ƙara gurbi a kwale-kwalen ceto.

Game da jaririya da mai aikinki. A ma'anar SOLAS, yaron da bai kai shekara ɗaya ba ba a ƙirga shi fasinja, don haka in ba ta cika shekara ba ranar da za ku hau, ku 16 ne a ido na doka. Ki duba ranar haihuwarta da kyau, wata takwas yau ba wata takwas ba ne a Agusta. Ko da hakan, wasu masu jirage da kamfanonin inshora suna ƙirga kowane rai, wasu ma ba sa karɓar jarirai, don haka a sa ta a kwantiragi da sunanta, a kuma tabbatar akwai rigar ceto daidai jikinta. Mai aiki kuwa galibi baƙuwa ce kamar kowa, tana cikin lissafi. Kuma za ki buƙace ta, domin kwantiragin ya ɗora kula da yara a kanku ne, ma'aikatan jirgi ba masu reno ba ne.

To yaya za a yi mutum 17 su huta? Hanyoyi na nan na halal. Mafi sauƙi jirage biyu matsakaita masu tafiya tare, su tsaya wuri ɗaya, a ci abinci tare, dare ya yi kowa ya koma nasa. Dillalai sun saba haɗa wannan. Jirage masu gindi biyu, waɗanda ake kira katamaran, sun fi araha, ba su cika shan mai ba, kuma ba sa tangaɗi sosai, abin da Alhaji da duk wanda bai saba da teku ba zai gode miki a kai. Akwai kuma manyan jirage da aka gina da izinin baƙi 13 zuwa 36, amma kaɗan ne kuma kuɗinsu ya yi nisa da abin da kika ambata. In ba lallai sai Italiya ba, a Kuroshiya akwai ƙananan jiragen yawo masu ɗakuna da yawa da izinin ɗaukar fiye da 12 a cikin ruwan ƙasar, harajin shata a can kuma kashi 13 ne. A Turkiyya, wajen Bodrum da Marmaris da Gocek, akwai jiragen katako da ake kira gulet, wasunsu da izinin 16 ko fiye, ga naman halal ba sai an yi dogon bayani ba, ga jirgin sama kai tsaye daga Accra zuwa Istanbul. Sai dai izinin nan na cikin gida ne, in kuka ce za ku tsallaka tsibiran Girka maganar 12 za ta iya dawowa, ki tambaya tun kafin a sa hannu. Ni kuwa da za ki bi tawa, da dattijo da jaririya a tafiya, gida zan kama a tudu wajen Sorrento, in ɗauki jirgin yini mai lasisin adadinku sau biyu ko uku a makon. Za ku ga Capri da Positano, kowa ya kwana a gadon da ba ya motsi.

Duk wanda kika zaɓa, abin da ke kan takardar wannan jirgin shi ne hukunci, ba abin da dillali ya faɗa a waya ba. Babban ɗanki ya nemi a turo masa takardar rajista da ke nuna jirgin na haya ne da tutar da yake ɗauke da ita, takardar da ta faɗi adadin fasinja, shaidar inshora mai rai, da lasisin kyaftin. Ya sa sunan jirgin a MarineTraffic, shafin intanet da ke nuna inda jirage suke, ya ga ko yana inda aka ce yake. Ya duba sunan kamfanin a jerin mambobin MYBA ko wata ƙungiyar dillalai da aka sani. A kwantiragin MYBA rabi ake biya ranar sa hannu, sauran rabin da APA da haraji kamar wata ɗaya kafin tafiya, kuma kuɗin yana zama ne a asusun amana na kamfani, ba a sakar wa mai jirgi kashi na farko sai ranar da kuka hau, ragowar sai kun sauka. Wannan shi ne kariyarki. La'adar dillali kuma daga wajen mai jirgi take fita. Ki tura ta banki da takardar biya mai sunan kamfani, ba asusun wani mutum ba, ba ta MoMo (tura kuɗi ta waya) ba, ba ta hannun mai canji ba. In saƙon imel ya zo cewa an canza lambar asusu, a kira ofishin ta lambar da kuka riga kuka sani kafin a taɓa komai, don ta wannan ƙofa ake kwashe kuɗin mutane da yawa. Shi ma yaron Napoli ki nemi waɗannan takardu huɗu a wajensa, cikin mutunci, ba sai an kai ga iyaye ba. Yadda zai amsa ya ishe ki.

Abin da zai fi ba ki wahala ma ba ruwa ba ne, biza ce. Mutum 17, kowa da fam ɗinsa, da bayanan banki, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, babba kuma ya biya Yuro 90 ko an ba shi ko an hana. Samun ranar ganawa kaɗai a Accra lokacin bazarar Turai aiki ne, kuma ana iya ba goma sha biyar a hana biyu ba tare da wani bayani mai gamsarwa ba, sau da yawa matasa marasa aure da masu aikin gida abin ke faɗawa. Kwantiragin jirgi bai san wannan ba, hana biza ba ya dawo da kafin alƙalami. Ana karɓar takardun neman bizar Schengen, wadda da ita ake shiga Italiya da yawancin ƙasashen Turai, tun wata shida kafin tafiya, ku shigar da wuri, kuma in za ku sayi inshorar fasa tafiya ku karanta ko ta haɗa da hana biza, don da yawa ba su haɗa ba. Kuroshiya ta shiga Schengen tun Janairun 2023, Turkiyya ce ke da tata bizar dabam. Wanda zai riƙe tsabar kuɗi Yuro 10,000 ko fiye ya bayyana wa kwastan a filin jirgi.

In kun hau, maganar kyaftin ce ta ƙarshe kan yanayi. In ya ce yau ba za a je Capri ba, ba za a je ba, kuma kada Alhaji ya ce ai shi ya biya. Samarin gidan za su ga babur ɗin ruwa su rikice. A Italiya sai mai lasisi ke tuƙa shi, kuma duk wanda ya tuna yadda mawaƙi Castro ya ɓace yana kan irin wannan babur a Ada a Yulin 2014 ba ya buƙatar in ƙara bayani. Rigar ceto a jiki, ko mutum ya ce ya iya ruwa.

Za a turo muku takardar zaɓin abinci makonni kafin tafiya. Ki cika ta da kanki, kada ki bar wa yara. Ki rubuta babu alade, babu giya ko a cikin miya, naman halal a yi odarsa tun da wuri don ba kowane ƙauyen gaɓa ke da shi ba. Ki faɗi magungunan Alhaji da wanda ke buƙatar firji, ki faɗi in kuna son mata su riƙa gyara ɗakunan mata. Ku tafi da butocinku da yajinku. Alƙibla kuma ku riƙa tambayar kyaftin kowace salla, domin jirgin da ke kan anga juyawa yake yi da iska, inda kuka fuskanta da azahar ba lallai nan ne da la'asar ba.